Zan kai Inna Yamai, kuma ban taɓa wuce Ƙonni ba

Malama ƴar Bilbis:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Yamai, musamman mutanenmu na Adar da ke zaune can.

Ni ƴar Tawa ce, a Bilbis aka haife ni, a nan na yi lakwal, a nan kuma nake koyar da yara. Shekaruna 28, iyakar tafiyata Ƙonni, ita ma sau biyu, ɗaya biki ɗaya gaisuwar rasuwa. Yayyena maza biyu suna Abijan kamar yadda kuka san gidajenmu, kuma babu wanda zai iya tahowa yanzu. To ga Inna ba lafiya. Wata huɗu ke nan ƙafafunta na kumbura, da safe har fuskar takan tashi, takalmin da take zuwa masallaci da shi ya daina shiga. Likita a nan ya sa an gwada jini da fitsari, ya ce ƙoda ce, ya rubuta mana takarda zuwa asibitin Lamorde, ya ce kada mu bari watan nan ya fita. Direkta ya ba ni kwana goma. Ina so mu tashi ran Lahadi don Litinin ta same mu can.

Masauki akwai. Ƙanen Inna yana Bukoki, ƙarafan gini yake sayarwa a kasuwar Katako. Da na kira shi sai ya ce, "Ku dai taho, in kun sauka ku kira ni." Wannan maganar ce ta hana ni barci. In mun sauka ina? In wayarsa ba ta shiga ba fa? Kawu mutumin kirki ne, amma shekara 30 yana garin, ya manta akwai wanda bai san shi ba. Ni kuma nauyinsa nake ji, ba na iya tsare shi da tambayoyi kamar yarinya.

Shi ya sa na kawo muku. An ce mini tafiyar ta kai kilomita 550, tsohuwa mai kumburin ƙafa za ta iya zaman? Babbar mota za mu shiga ko ƙarama? In mun isa da rana, mu wuce asibitin kai tsaye ko mu kwana tukuna? Sai maganar harshe. Zabarmanci ko kalma ɗaya ba na ji, Faransancina na aji ne, Inna kuwa Hausarta ta Adar kaɗai gare ta, kuma ba ta sassauta ta don kowa. Wata abokiyar aikina ta ce a Yamai in ba ka jin Zabarmanci sai a ninka maka kuɗin komai. Gaskiya ne?

Kuɗin da ke hannuna na magani ne, yayyena suka aiko, ba na so ko dala ta tafi a banza tun ba mu ga likita ba. Kuma Inna ta riga ta haɗa tsaraba: cuku, da ƙullin kuka, da rabin buhun gero da ta rantse ba za ta shiga gidan ƙanenta babu shi ba. Duk wanda ya san wani abu, ko ƙarami ne, ya faɗa mini don Allah.

Ɗan Badagishiri, makanike a Lazare:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Sannu da ɗawainiya.

Tsoron da kike ji yana kan hanya, don abin ya faru da ni. A 2007 na fara shigowa garin nan, ina da shekara 19, a ƙaramar mota irin wadda ba ta tashi sai ta cika, kuma take tsayawa duk inda aka ɗaga mata hannu. Sai bayan isha'i muka shiga tashar Wadata. Waya ba ni da ita. Abin da ke aljihuna ƴar takarda ce da babana ya sa aka rubuta, sunan wani Alhaji ɗan garinmu da kalmomi biyu: "bayan shato". A garinmu tankin ruwa ɗaya ne, in ka ce shato an gama magana. Na tare taksi na ce shato. Direban ya leƙo ya ce, "Shato nawa?" Na yi shiru. Ashe a Yamai lamba gare su, akwai na 1, akwai na 8, akwai na 9, kowanne da unguwarsa. Na ce ya kai ni na 1, a tunanina na farko shi ne babba.

Ya sauke ni a Filato. Manyan katangu, itatuwa, hanya tsit, karnuka na haushi daga ciki. Na ɗauki jakata a ka ina bin ƙofofi ina ambaton sunan Alhaji, babu wanda ya taɓa jin sa. Wajen sha ɗaya na dare na tsaya gun wani mai gadi yana hura gawayin shayi. Ina buɗe baki ya ce, "Kai, yaron Adar ne wannan." Buzu ne mutumin Abalak. Bai tambaye ni komai ba sai da na sha kofi biyu na ci gutsuren burodi. Ya shimfiɗa mini kwali a ɗan ɗakin gadinsa, ya ce gobe ma rana ce. Da ya tashi aiki da safe ya riƙe mini jaka har Katako, ya kai ni layin da mutanenmu suke. Wannan ya tura mu ga wancan, ba a yi awa ɗaya ba aka samo Alhajin. Har yau in na bi ta wannan layin na Filato sai na rage gudu, ko da yake mai gadin ya daɗe da komawa gida.

To ki ji. Bukoki ma huɗu ce, daga ta 1 zuwa ta 4. Yau ɗin nan ki ajiye kunya ki kira Kawu, ki ce wace Bukoki, kusa da me. A nan ba a bin sunan titi, ko direbobi ba su san yawancinsu ba. Da alama ake kwatance: farmasi kaza, gidan mai kaza, masallacin Juma'a, lakwal, shataletale. Ya ba ki alama biyu, ki rubuta a takarda da biro, da lambarsa da ta matarsa da ta wani maƙwabcinsa a kasuwa. Waya takan mutu a hanya, takarda ba ta mutuwa.

Babbar mota za ku shiga, babu shawara a nan. Sai dai ki sani kowane kamfani da tasharsa a Yamai, ta Rimbo daban, ta STM daban, ta Al Izza daban, don haka "mun sauka a tasha" ba kwatance ba ne. Ki sayi tikiti tun Asabar, ki faɗa wa Kawu sunan kamfanin, ki roƙi kujerar gefen hanya don Inna ta riƙa miƙe ƙafa. Ta asuba za ku bi. Tsarnawa za ku hau babban gudoro, sai Ƙonni, Dutsi, Doso, Birnin Gaure, in Allah ya tsare wajen azahar ko la'asar kuna nan, da sauran rana. Akwai shingayen jami'an tsaro inda ake sauka a nuna katin ɗan ƙasa, naki da na Inna su zauna a ƙaramar jakar hannu, kada su shiga cikin kayan da ake zubawa a cikin mota. Bayan Birnin Gaure ki riƙa duba taga wajen Kure, nan ne raƙuman dawa suke, wani lokaci har bakin hanya.

Asibiti kuwa ran Lahadi da yamma ba abin da za ku samu sai gajiya, in dai ba jikin ya rikice ba. Ku kwana.

Maman ƴan biyu, Karaje:

Ɗiyata sannu. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Ni Ba'ara ce ta Dutsi, aure ya kawo ni, shekara 22 ina hayin kogi.

Abin da ɗan uwanki bai faɗa ba shi ne Lamorde ba ɓangare ɗaya take da Bukoki ba. Sai kun ƙetare ruwa. Ɓangarenmu ake kira Harobanda, da Zabarmanci "bayan ruwa" ke nan, nan jami'ar Abdu Mumuni take, asibitin yana kusa da ita. Da na zo gada ɗaya ce tak, ta Kenedi, wadda aka gama tun 1970, kowa da kowa a kanta, mota da jaki da raƙumi. An ƙara ta biyu a 2011, ta uku a 2021, amma har yanzu da safe ta Kenedi cika take da ɗalibai da ma'aikata. Kuna idar da sallar asuba ku fito, kada ku tsaya jiran koko. Kuma kada Inna ta karya, ko za a ɗebi jini, ki riƙe mata abin karyawar a kwano.

Ki tafi da duk takardun da aka taɓa rubuta mata, har kwalayen magungunan da ta shanye, likita zai so ya gani. Ki haɗa da tabarma ƙarama, buta, zane na biyu, da mayafi mai kauri, sanyin bakin kogi a wannan watan yana shiga ƙashi. Ki canza kuɗinki su zama ƙanana tun daga Tawa.

Maganar abokiyar aikinki ta yi yawa. Hausa tana ci a Yamai, a kasuwa, a taksi, a asibiti. Wanda ba ya ji ma na kusa da shi yana ji. Amma gaisuwa da harshen mutum tana buɗe fuska. Ki ce "fofo", sannu ce kuma godiya ce. In an ce miki "mate gaham", jiki ake tambaya, ki ce "bani samay". "Marje no" shi ne nawa ne. Wuri ɗaya nake so ki buɗe kunne, wajen lissafi. Su ma da dala suke ƙirga kamar mu, "zangu" dala ɗari ce. Amma in kin ji "zambar fo", kada ki ɗauka jika guda ce, dala dubu ce, jika biyar. Jikarmu guda su "zangu hinka" suke ce mata. In kin rikice ki ce a faɗa miki da Faransanci, tunda ke malama ce.

Mai jan kai 74:

Salam. Allah ya ƙara sauƙi. Ni taksi nake ja shekara 14.

Makanike ya yi gaskiya sai wuri ɗaya. Kada ki fito da takarda a bakin tasha kina karantawa, kowa zai gane baƙuwa ce. Ki haddace tun a mota. Kuma masu rugowa su karɓi kaya tun ba ki sauka ba, ki ce musu ana zuwa ɗaukarku, ko da ba a zuwa. Ki zaunar da Hajiya a cikin tasha, ki fito ke kaɗai bakin titi.

Taksinmu fari ne mai jan kai, kuma haɗaka ake yi, ba kamar kabu-kabun Tawa ba da zai kai ki ƙofar gida ke ɗaya. Ki tsaya gefen da motoci ke nufar inda za ki, in ya rage gudu ki faɗi unguwa da ƙarfi. In ya wuce bai ce komai ba, ba wulaƙanci ba ne, hanyarsa ce ba ta bi can ba. Shekaru da yawa kurs ɗaya, wato hawa ɗaya na mutum ɗaya, dala arba'in ne, yanzu nisa ke yanke kuɗi, ku gama magana kafin ki buɗe ƙofa. Bukoki zuwa Lamorde ki lissafa kurs biyu kowane mutum. Da marar lafiya da buhun gero gara ki ɗauki motar gaba ɗaya. Za ki biya fiye, amma ba za a yi ta zagaye da tsohuwa ana sauke wasu ba.

Malama ƴar Bilbis:

Ƴan uwa mun iso lafiya, yau kwananmu biyu. Na ce ba zan kwanta ba sai na ba ku labari, don kun yi mini abin da ban san yadda zan rama ba.

Yaya na Lazare, na kira Kawu kamar yadda ka ce. Ya yi dariya ya ce ashe bai faɗa mini ba, Bukoki ta 2 ce. Ya ba ni farmasi da wani masallaci mai koren ƙofa. Na rubuta, na kuma haddace saboda maganar mai taksi.

Ƙarfe uku da rabi na dare muna tasha, sanyi kamar ya tsaga fata. Inna ta zauna a kan buhun geronta har aka zo aunawa, sai da yaron mota ya rantse mata zai sa shi inda ba zai jiƙe ba ta tashi. Mun yi asuba a hanya. Har Ƙonni ina ganin kamar gida nake. A Dutsi na ga jan dutsen nan da ke tsaye bayan gari, Mama na tuna da ke, na sayi rake. Daga nan sai na lura masu talla da ke zuwa taga sun fara sauya harshe, a Doso kuwa in mutum biyar sun yi magana ɗaya nake ganewa.

A Doso ne hankalina ya tashi. Ashe tun daren Asabar Inna ba ta sa komai a bakinta ba, ko kurɓin da take haɗiye magani da shi, wai don kada fitsari ya kama ta a mota ta tsayar da mutane. Ba ta faɗa mini ba. Da muka sauko na ga leɓenta ya bushe ya yi fari, ta dafa jikin mota tana cewa ƙasa na juyawa. Na rasa abin yi, jaka a hannu ɗaya, ita a ɗaya. Wata mata da ta zauna bayanmu tun Dutsi, mai goyo, ta kwance ɗankwalinta na biyu ta shimfiɗa a inuwa, ta kama Inna ta zaunar. Ta jiƙa gefen mayafi ta goga mata a fuska da wuya, ta cire mata silifas ta ɗora ƙafafun a kan ƙullin kayanta. Hausa ba ta ji sosai. Tana ta magana a hankali da Zabarmanci, Inna na amsa mata da Adaranci, kuma wallahi kamar suna fahimtar juna. Ita ta raka Inna bayi, ta tsaya a ƙofa riƙe da buta. Da direba ya yi oda ta ɗaga masa hannu ta faɗi wata kalma ɗaya, ya jira. Na ce mata fofo, na sake cewa fofo, don ita kaɗai gare ni. A Birnin Gaure ta sauka. Inna ta tura mata cuku biyu ta taga, ta karɓa da hannu biyu. Ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna har yanzu.

Don Allah duk mai tafiya da tsohuwa ya tambaye ta ko ta ci ko ta sha, kada ya jira ta faɗa.

Raƙuman dawa ban gansu ba, allon da aka zana su kawai na gani. A shingen shiga gari muka sauka muka nuna kati, yana hannuna. Sai filin jirgi na Diori Hamani, sai gari ya fara kuma ya ƙi ƙarewa. Ina ta cewa yanzu za mu tsaya, sai wata unguwa ta ɓullo. Biyu da rabi ta wuce muka shiga tasha.

Na kira Kawu sau huɗu, ba ta shiga. Na kira matarsa, tana ƙara ba a ɗauka. Da ban zo nan na yi tambaya ba, a wannan lokacin zan fashe da kuka. Na zaunar da Inna kan benci da kaya kewaye da ita, na fita titi. Taksi na farko ya wuce, na biyu ma. Na uku dattijo ne, na ce Bukoki ta 2, mu biyu da buhu, motar gaba ɗaya. Ya ce jika biyu da rabi, na ce jika biyu, ya ce kawo kayan. Da ya ga yadda Inna ke taka ƙasa sai ya ja kujerar gaba baya don ta samu wurin ƙafa. Ya san farmasin, masallacin ne bai sani ba, ya tsaya gun wasu samari masu shayi, ɗaya ya ce, "Gidan mai ƙarfe na Katako? Ɗan Tawa?" Ya hau babur ya yi mana jagora har ƙofa.

Kawu yana tsakar gida yana faɗa da cajar waya, wuta ta ɗauke tun safe. Ya ɗaga kai ya ga yayarsa. Shekara shida rabonsu da juna. Ya durƙusa, ita kuma ta dafa kansa tana kiran sunan da ake kiransa yana yaro, wanda ni ban taɓa ji ba. Matarsa ta kawo dambu da zogale, nan kopto suke ce masa. Inna ta ci loma uku ta ce a buɗe buhu a ga ko geron ya jiƙe.

Jiya Litinin muka fito bayan asuba kamar yadda Mama ta ce, Kawu ya raka mu. Gari bai gama wayewa ba muka hau gadar Kenedi. Ni iyakar ruwan da na sani tabkin Babaye ne da damina. Wannan kuwa ga shi shimfiɗe, hazo kwance a kansa, wani mutum shi kaɗai a cikin kwalekwale yana jefa taru, masu wanki sun fara sauke ƙullin kaya a gaɓa. Inna ta riƙe hannuna da ƙarfi tana salati. Ta tambayi Kawu yaya kogi ya cika haka alhali rabon sama da ruwa wata uku. Ya ce ruwan daminar Gini ne, sai ya ratso Mali a hankali kafin ya iso, shi ya sa yake cika da sanyi. Ta yi shiru har muka sauka gadar, sannan ta ce in Allah ya ba ta lafiya tana so a kawo ta ta taɓa shi da hannunta.

Mun ga likita wajen sha ɗaya. Ya karanta takardar, ya duba kwalayen maganin ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta daina guda ɗaya daga ciki. An ɗebi jini, an ce mu koma Alhamis. Ku sa ta a addu'a.

Maman ƴan biyu, Inna ta ware miki cuku huɗu ta ƙulle a leda, ta ce ba za a taɓa su ba. Ran Alhamis in mun fito daga asibiti za mu biyo Karaje. Ki ba ni alama biyu.